Alƙaliyar da Aka Nemi Ta Janye Saboda Ita Mace Ce

A shekarar 1975, ƙarar da wata lauya ta shigar a kotun tarayya ta birnin New York ta zo gaban Mai Shari'a Constance Baker Motley. Lauyar na zargin kamfanin lauyoyi na Sullivan & Cromwell da hana ta aiki saboda ita mace ce. Sai lauyoyin kamfanin suka nemi alƙaliyar ta janye. Hujjarsu ita ce Motley mace ce, baƙar fata, wadda ta daɗe tana tsaya wa waɗanda aka nuna wa wariya, don haka zuciyarta za ta karkata ga mai ƙara.

Wannan buƙata tana da tushe a tarihi. Tun da aka kafa kotunan tarayyar Amurka a 1789, kujerar alƙalanci ta kasance ta maza fararen fata. Sai a 1934 mace ta fara zama a kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya, wato Florence Allen. William Hastie ya zama baƙin fata na farko da aka naɗa alƙalin tarayya a 1937. Cikin wannan dogon zamani, ido ya saba ganin namiji farar fata a matsayin mizanin rashin son kai, kowa kuma ake auna shi da shi.

Motley ta san wannan hanya ciki da bai. Ita ce lauyar da ta yi fafutikar shigar da James Meredith Jami'ar Mississippi a 1962, kuma ta yi nasara a shari'u tara cikin goma da ta gabatar a Kotun Ƙoli. Da Shugaba Lyndon Johnson ya zaɓe ta a 1966, Sanata James Eastland ya ja ƙafar tabbatar da ita har tsawon watanni, kafin ta zama baƙar mace ta farko a kujerar alƙalin tarayya.

Amsarta ga lauyoyin gajeriya ce. Ta ƙi janyewa, ta kuma nuna cewa idan jinsi ko launin fata kaɗai ya isa ya hana alƙali sauraron irin wannan ƙara, to babu alƙalin da zai saurare ta a kotun, domin kowannensu ko namiji ne ko mace. Daga baya ɓangarorin biyu suka yi sulhu.

Shekara ɗaya kafin haka, Mai Shari'a Leon Higginbotham ya ƙi irin wannan buƙata a Philadelphia, a wata ƙarar wariyar launin fata. Hukuncin nasu biyu har yau alƙalai na kafa hujja da shi, duk lokacin da aka nemi mayar da asalin alƙali ya zama laifinsa.