Tarihin Safarin Dawaki a Dazuzzukan Afirka da Darasinsa Gare Mu

A wannan fitowa za mu ɗan waiwayi tarihin wata sana'a da ake yi da doki a gabashi da kudancin Afirka, inda baƙi ke biyan kuɗi a ɗora su a kan dawaki, a shiga da su daji kallon namun dawa. Kada mai karatu ya ce ina ruwan ɗan kasuwa da yawon Turawa. A dai biyo mu sannu, za a ga inda zancen ya taɓo mu.

Ita kalmar safari ta Suwahili ce, su kuma daga Larabci suka aro ta, wato safar, tafiya ke nan. Duk wanda ya zauna gaban malam ya san ta a babin sallar ƙasaru, kuma tushenta ɗaya da safarar da muke yi ta goro da shanu. Da can ayarin fataken hauren giwa da ke gangarawa gaɓar teku ta wajen Zanzibar ake kira haka, kafin Turawa su ɗauki sunan su liƙa wa farautarsu.

Doki baƙo ne a kudancin Afirka. A 1653 Turawan Holan suka sauke na farko a Kef, daga tsibirin Jaba. Daga zuriyarsu, bayan an gauraya su da wasu iri, aka samu dokin manoman Bowa da ake kira Boerperd, da kuma gajeren dokin nan na Lesoto mai jimirin hawan dutse. A 1836 wani hafsan sojan Ingila, William Cornwallis Harris, ya ratsa dajin Afirka ta Kudu yana farauta a kan doki, littafin da ya rubuta kuwa ya kwaɗaita wa attajiran ƙasarsu. A 1909 tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya sauka Mombasa, kafin ya koma gida shi da ɗansa sun harbe namun daji 512.

To amma fa daji bai karɓi doki da sauƙi ba. Akwai tsando mai kawo sammore. Akwai kuma wata annoba ta dawaki da wasu 'yan mitsi-mitsin ƙudaje ke yaɗawa da magariba da asuba, wadda a tsakanin 1854 da 1855 ta kashe dawaki wajen 70,000 a yankin Kef. Dokin da ya kamu ya tashi, kuɗinsa kan ninka, don an san ya riga ya sha da ƙyar.

Wannan labari ba baƙo ba ne a wurinmu. Ƙarfin daular Oyo a kan rundunar dawaki yake, alhali doki ba ya daɗewa a kurmi saboda tsando. Dole kullum a sayo sababbi daga arewa ta hannun fatake, ta Nufe da Borgu, kuma da yawa daga masu kula da bargar 'yan arewa ne, wasunsu ma bayi. Ko mahayan Ilori da suka gagari kowa a fili, a Oshogbo wajen 1840 mayaƙan Badun cikin dare suka auka musu, lokacin da doki ba shi da amfani. Wato tun kafin a kafa Sabon nan tamu a 1916, sanin doki na cikin abin da ya sa ake neman Bahaushe a ƙasar Yarbawa.

Mu koma gabas. A shekarun 1930 masana a Afirka ta Kudu suka samar da allurar rigakafin annobar nan. A farkon shekarun 1970 wani mutumin Kenya, Tony Church, ya fara kai baƙi daji a kan dawaki don kallo kawai, sannan a 1977 gwamnatin Kenya ta hana farautar manyan namun daji, sai kyamara ta gaji bindiga. A Botsuwana an fara irin wannan hawa a fadamar Okabango a shekarun 1980, a 2001 da 2002 kuma gwamnati ta yi feshi da jiragen sama ta kawar da tsando daga fadamar.

Yadda ake yi shi ne, ayari ba ya cika wuce mutum takwas zuwa goma. Jagora na gaba da bindiga don tsaro, wani na baya. A fita da sassafe, a yi awa huɗu zuwa shida bisa sirdi, a kwana a tanti. Raƙumin dawa da jakin dawa sukan bari a matso kusa da su, har a yi sukuwa tare, domin a ganinsu doki ɗan'uwa ne mai cin ciyawa. Ba kowane doki ke wannan aiki ba. Ana son mai sanyin rai, mai ƙarfin kofato, wanda zai ga giwa ya tsaya cik, ya kuma iya iyo idan an zo ruwa. Shi ya sa ake yawan amfani da Boerperd da barbarar yanyawan dawakin Larabawa da na tsere, kuma sai sabon doki ya daɗe yana bin tsofaffi kafin a ɗora masa baƙo. Mahayin da ya wuce kilo 90 ko 95 a mafi yawan wurare ba a karɓarsa. Kuɗin kuwa da dala ake biya, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Sana'ar ba ta rasa hawaye ba. Yawancin filayen nan makiyaya ne ke kiwo a cikinsu kafin zuwan Turawa. A watan Maris na 2017, ana tsananin fari, makiyaya suka kwararo da shanu cikin manyan gandaye a Laikipiya ta Kenya, a rikicin aka harbe Tristan Voorspuy, ɗaya daga cikin fitattun masu wannan sana'a, yana kan dokinsa. Mu da muke cin abinci a kara mun san zafin rigimar ƙasa da kiwo, Allah Ya kiyaye.

Yanzu ga inda zancen ya taɓo mu. Har gobe 'ya'yanmu na jan dawaki a bakin teku a Ikko, suna kuma kai su haya bikin Ojude Oba a Ijebu Ode, kwana uku bayan Babbar Salla. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, sau nawa muke ganin doki haƙarƙari a waje, gadon baya duk gyambon sirdi? Mutanen can sun gane cewa jarin duka yana jikin dabbar, shi ya sa ba sa wasa da allura da abinci da ranar hutu. Kakanninmu ma haka suke, da harawa da dusa da kanwa da kilisar yamma. Addini kuma ya gaya mana za a tambaye mu haƙƙin dabba.

Don haka muna kira ga shugabannin ƙungiya da su tara masu dawakin unguwa, a haɗa kuɗi a riƙa kiran likitan dabbobi a kai a kai, a kuma zaunar da samari gaban 'yan dattawan da suka rage masu sanin barga tun suna raye. Allah Ya sa mu dace, amin.