Doki a Bakin Damina: Tarihin da Aka Manta da Masu Yankan Ciyawa



Wata 'yar gardama ce a ajinmu na Larabci ta jawo wannan rubutu. Muna kan sunayen yanayin shekara, na fassara kalmar rabi'i da bazara kamar yadda aka saba, sai wani yaro mai kaifin basira ya ce: "Malam, an ce a lokacin rabi'i ƙasa takan yi kore shar, dabbobi su ƙoshi, mu kuwa da bazara ko akuya ramewa take yi." Yaron ya fi ni gaskiya. Rabi'in Balarabe lokaci ne na sabuwar ciyawa bayan ruwan hunturu, abin da ya yi kama da shi a ƙasar Hausa kuwa shi ne faɗuwar damina, bayan bazara ta gama gasa mu. Wannan ya tuna mini da dabbar da rayuwarta ta rataya a kan wannan sauyi, wato doki, da kuma mutanen da suka shafe ɗaruruwan shekaru suna wahala da shi ba tare da marubuta tarihi sun waiwaye su ba.

Galibinmu ba mu san doki ba sai ranar hawan salla, ya sha ado har ba a ganin jikinsa. To amma dokin da kakanninmu na farko suka sani ba wannan ingarman ba ne. Kuru ne, gajere mai juriya, irin wanda mutanen tsaunukan Filato suka ci gaba da hawa ba sirdi har cikin ƙarni na 20. Manyan dawaki daga arewa da gabas suka shigo, tare da kayan hawansu, kuma harshenmu ma shaida ne: sirdi daga sarj yake, linzami daga lijam, likkafa kuwa daga rikab, duk Larabci. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya kawo lifidi da sulke da kwalkwali. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan lifidi ya san kuru ba zai iya da wannan kaya ba, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Sabon salon yaƙi ya buƙaci babban doki, babban doki kuwa tsada gare shi.

Da me aka biya? A nan ne labarin yake da ɗaci. Wannan littafi dai ya ce Kanajeji ya riƙa aika wa Kwararrafa dawaki suna aiko masa da bayi. Hasan al-Wazzan, Bafashen nan da Turawa ke kira Leo Africanus, wanda aka buga littafinsa a 1550, ya ba da labarin cewa Sarkin Barno yakan sayi doki ɗaya daga fataken arewacin Afirka da bayi 15 ko 20, har fataken su zauna jiran ya dawo daga hari kafin a biya su. A kamo mutum a sayi doki, a hau dokin a sake kamo mutum. Ban ga hanyar da za a bi a ƙawata wannan ba, kuma ban ga amfanin ɓoye wa matasa shi ba.

Yanzu mu shiga barga, domin can ne maganar take.

A ƙasar Larabawa, idan rabi'i ya kama, sakin dabbobi ake yi a makiyaya. Manzon Allah (SAW) ya keɓe makiyayar Naƙi'i a yankin Madina domin dawakin Musulmi, Sayyidina Umar (RA) kuma ya keɓe Rabaza domin dabbobin baitulmali. Mu a nan lissafin ya bambanta, saboda lokacin da ciyawa ke fitowa shi ne lokacin da gero da dawa ke fitowa, kuma ba manomin da zai yarda a sakar masa doki a gona. Saboda haka dokin Bahaushe a turke yake kwana, a turke yake yini, ciyawa ce ke zuwa wurinsa a kan wani. Idan ka ji an ce basarake yana da doki ɗari, ka ƙiyasta yawan masu fita da lauje tun da asuba, da masu jan ruwa a rijiya, da masu kwashe kashi, da matan da ke tara dusa da ƙasari. Da yawansu bayi ne ko barori. A fada har sarauta aka yi domin wannan aiki, ita ce Shamaki.

Bazara ita ce jarrabawar mai doki. Harawar da aka ɗaure tun kaka aka jibge a kan rufin ɗaki ko reshen bishiya ta kusa ƙarewa, ingirici ya yi ƙura, hatsi ya ja baya a rumbu, ga shi dole a ware na iri. Rijiya ta yi nisa, alhali doki a cikin zafin nan yakan sha lita 30 ko fiye a yini. A irin wannan lokaci ne maigida ke auna tsakanin dawar da zai ba doki da wadda za a yi wa yara tuwo. Akan jiƙa masa kanwa, a rage masa tafiya da tsakar rana, a bar shi da ɗan kilisa da sassafe ko da la'asar sakaliya don kada ƙafafunsa su sage. Shi ma yana biyan nasa bashin, domin a wannan lokacin ne ake loda takin barga a mangala, jakuna su kai gona kafin ruwan shuka.

Sai ruwa ya sauka. Cikin 'yan kwanaki ƙasa ta tsiro, harkiya da guɗe-guɗe su fara leƙowa, dokin da ya gaji da busasshe ya riƙa jan ragama yana haniniya. Wanda bai sani ba zai ce wahala ta ƙare, masana barga kuwa a nan hankalinsu ya fi tashi. Ɗanyar ciyawar farko ruwa ce zalla, idan doki ya cika ciki da ita farat ɗaya sai gudawa ko kumburin ciki, kuma Allah Ya halicce shi ba ya amai, don haka ciwon ciki kaɗai kan kai shi ƙasa. Shi ya sa ake haɗa masa ɗanye da busasshe, ana ƙara wannan ana rage wancan har cikinsa ya saba. Turken ma sai an matsar da shi kan tudu an zuba yashi, don tsayuwa a caɓi na ɓata kofato. Kaska ta fito, sai an bi kunne da ƙarƙashin wutsiya ana cirewa. Da magariba a tada hayaƙi a barga. Kakanninmu sun yi wannan ne don korar sauro da ƙudaje, ilimin zamani kuma ya tabbatar da cewa wata muguwar annobar dawaki ta Afirka ƙananan ƙwari ne masu cizo da almuru ke yaɗa ta, kuma bayan ruwa suke yawaita. Ba su san sunan ƙwayar cutar ba, amma sun san lokacinta.

Wannan aiki na yau da kullum shi ya tsara wa sarakuna kalandar yaƙi. Da damina koguna sun cika, mayaƙa suna gona, dawaki suna murmurewa, sai kaka ta yi, an sami hatsi da harawa, ƙasa ta bushe, sannan a buga tambari. Shi ne kuma ya shata musu iyaka. Duk inda kurmi ya yi duhu akwai tsando, inda tsando yake kuwa akwai sammore, doki ba ya daɗewa. Mahayan Ilorin sun mamaye filayen ƙasar Yarabawa, amma a bakin kurmi, a Oshogbo, wajajen 1840, mutanen Ibadan suka taka musu birki.

Akwai wani abu da nake so mai karatu ya lura da shi. A yaƙin Tabkin Kwatto, cikin watan Yuni na 1804, daidai farkon damina, Sarkin Gobir Yunfa ne ke da dawaki da lifida. Jama'ar Shehu Usmanu, kamar yadda Muhammadu Bello ya rubuta a Infakul Maisuri, dawakinsu ba su wuce kamar 20 ba, 'yan baka ne suka yi aikin ranar. Amma ba a yi shekara hamsin ba, da Barth ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa Sarkin Kano shi kaɗai zai iya fitar da mahaya 7,000. Daular da aka kafa da ƙafa ta koma kan sirdi, kuma kowane ɗaya daga cikin dawakin nan sai wani ya yanko masa ciyawa. A ganina, wanda ke son fahimtar yadda nauyin mulki ya sauka a kan talakan ƙauye a ƙarni na 19, ya fara da wannan lissafi kafin ya je ga jerin sunayen sarakuna.

A 1903 bindiga mai ruwa ta kawo ƙarshen dokin yaƙi, a Kano cikin Fabrairu, a Sakkwato cikin Maris, a Burmi cikin Yuli. Daga baya mota da keke da babur suka karɓe masa tafiya. Abin da ya rage masa shi ne ado da sukuwa da hawan angwanci, kuma a Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ta amince da su. Su kuwa masu barga aikinsu na nan yadda yake, har gobe idan bazara ta yi nisa farashin damin harawa ne hirarsu.

Insha Allahu a rubutu na gaba za mu duba sunayen launin dawaki, su akawal da kili da danda da bidi da gunya, domin na tambayi ɗalibaina, mutum ɗaya ne kawai ya san biyu daga ciki.