Ƙasa da Kwalta: Waiwaye a Kan Lalacewar Hanyoyin Suleja

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce duba dangantakar da ke tsakanin tarihin Suleja da irin ƙasar da aka shimfiɗa hanyoyinta a kai, domin gano dalilin da ya sa kwalta ba ta daɗewa a wasu sassan hanyar Suleja zuwa Minna.

Tarihi da Yanayin Ƙasa

Abu Ja ne ya kafa garin a 1828, bayan Haɓen Zazzau sun yiwo kudu sakamakon jihadi. Sun zaɓi wuri mai duwatsu, kusa da Dutsen Zuma, saboda tsaro. Irin waɗannan duwatsu idan ruwa da zafi suka daɗe suna cin su, sukan ruɓe su haifar da marmara a kan tudu, da yumɓu a kwari da fadama. Arzikin yumɓun yankin na cikin abin da ya sa Baturen nan Michael Cardew ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a garin a farkon shekarun 1950, inda Ladi Kwali ta shahara.

Sai dai abin da ya yi wa maginin tukunya rana, shi ya yi wa hanya dare. Yumɓu yakan riƙe ruwa ya yi laushi da damina, ya bushe ya tsage da rani. Idan aka ɗora kwalta a kansa ba tare da an kwashe shi an cike gurbin da marmara an daddaɓe ba, kuma babu magudanar ruwa, sai hanya ta lotsa, ramuka su biyo baya.

Fataken da sun san haka, shi ya sa suka fi yin tafiya da rani. Amma bayan da aka zaɓi sabon babban birnin tarayya a 1976, ya karɓe sunan Abuja, garin kuma ya koma Suleja don girmama Sarki Sulaimanu Barau, sai nauyi ya ƙaru. Tireloli da tankokin mai ba su san rani ko damina ba, musamman bayan ƙaurar gwamnati a 1991.

Kammalawa

Hausa ta bambanta yumɓu da marmara da laka da rairayi tun kafin zuwan injiniya. Wannan ilimi na magina ya cancanci masana harshe su tattara shi, domin gyaran da bai fara da binciken ƙasa ba, faci ne kawai, damina ɗaya ta ishe shi.