Yadda ake binciken asalin iyali a ƙasar Norwe

Norwe na cikin ƙasashen Turai da 'ya'yansu suka fi yin ƙaura zuwa Amurka. Tun daga shekarar 1825, lokacin da jirgin ruwa na Restauration ya tashi daga Stavanger da mutum 52, zuwa shekaru ɗari bayan haka, kimanin mutum dubu 800 ne suka bar ƙasar, akasarinsu suka zauna a jihohi irin su Minnesota da Wisconsin da Dakota ta Arewa. Shi ya sa har yau jikokinsu ke neman sanin tushensu. Abin da ke buɗe wannan bincike shi ne sanin gona da gundumar coci da mutum ya fito. Sunan iyali kaɗai yakan ɓatar da mai nema.

Suna uku ga mutum ɗaya

Kafin dokar sunaye ta 1923, yawancin mutanen karkara ba su da sunan iyali na dindindin. Mutum yana da sunan yanka, sai sunan mahaifi da aka ƙara wa "sen" ga namiji ko "datter" ga mace, wato ɗan wane ko 'yar wane, sannan sunan gonar da yake zaune. A ce Ole ɗan Hans ne, yana gonar Berg: za a rubuta shi Ole Hansen Berg. Ɗansa Per zai zama Per Olsen, 'yarsa Kari kuwa Kari Olsdatter. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin shi ma yakan ɗauki sunan uba ko na gari, kamar Shehu Shagari. Bambancin shi ne sunan gona tamkar adireshi yake: idan Ole ya koma wata gona, sunansa na ƙarshe ya canza. Da yake masu suna Ole Hansen suna da ɗimbin yawa, wanda bai san gona ba yana iya jingina zuri'arsa ga kakan wani.

Takardun da ake dogaro da su

Na farko su ne littattafan coci, inda limaman Kirista suke rubuta baftisma da aure da jana'iza. Mafi tsufa da ya rage shi ne na Andebu, wanda ya fara daga 1623. Daga 1812 aka tsara yadda za a riƙa cika su, tare da ajiye kwafi na biyu don gudun gobara.

Na biyu shi ne ƙidayar jama'a. Ta 1801 ce ta fara kawo sunan kowane mutum. Akwai kuma na 1865 da 1875 da 1891 da 1900 da 1910 da 1920. Doka ta hana buɗe bayanan ƙidaya sai sun cika shekara 100, don haka ta 1920 sai a 2020 aka fitar da ita.

Na uku su ne rajistocin 'yan sanda na masu barin ƙasa, waɗanda aka soma a 1867 a wasu tashoshin jiragen ruwa. Sukan nuna shekarun matafiyi da mazauninsa da inda ya nufa.

Na huɗu su ne littattafan tarihin ƙauyuka da ake kira "bygdebok", masu bin gona bayan gona suna lissafa waɗanda suka zauna a cikinta. Suna rage wahala ƙwarai, amma ya kamata a gwada abin da suka ce da littafin coci, saboda ana samun kuskure.

Hukumar adana kayan tarihi ta ƙasar ta sa mafi yawan littattafan coci da ƙidaya da rajistocin ƙaura a shafinta na intanet mai suna Digitalarkivet, kuma kyauta ne ga kowa. Ƙungiyar Slekt og Data kuma tana da kundin hotunan kaburbura.

Abubuwan lura

Norwe ta kasance tare da Danmak har 1814, sannan da Suwidin har 1905. Tsofaffin takardu da harshen Danmak aka rubuta su, cikin wani salon rubutun hannu mai wuyar karatu. Sanin kalmomi huɗu na taimakawa: "født" haihuwa, "døpt" baftisma, "gift" aure, "død" mutuwa. Tsofaffin littattafai sau da yawa ranar baftisma suke kawowa maimakon ranar haihuwa. Birnin Oslo kuwa Christiania ko Kristiania ake kiransa daga 1624 har zuwa 1925.

Masu binciken asali na ba da shawarar a fara daga gida: wasiƙu, bayan hotuna, da bakin dattawa, har a samu sunan gona ko gunduma da shekarar haihuwa. Daga nan sai a riƙa komawa baya daki-daki, daga ɗa zuwa uba, kuma kada a wuce mataki sai takardu biyu sun yi daidai a kan suna da shekara da wuri.