Sashe na 1983: dokar da ake ƙarar 'yan sanda da ita a Amurka

Sashe na 1983 wani yanki ne na kundin dokokin tarayyar Amurka, wanda ya ba mutum damar kai ƙarar jami'in jiha ko na gari gaban kotu idan ya tauye masa haƙƙin da tsarin mulki ya ba shi. Kada lambar ta rikita mai karatu, ba shekara ba ce. Ita dokar tun 1871 aka yi ta, zamanin shugaba Grant, shekara shida bayan soke bauta, lokacin da 'yan Ku Klux Klan ke kashe baƙar fata a jihohin kudu, hukumomin wurin kuma suna kau da kai. A yau ita ce babbar ƙofar da lauyoyin kare haƙƙin jama'a ke bi idan ɗan sanda ya doki mutum, ko ya tsare shi ba dalili, ko ya kashe shi.

Dokar ta yi kusan shekara 90 ba a cika amfani da ita ba, sai a 1961, a shari'ar Monroe da Pape. 'Yan sanda 13 ne suka fasa gidan wani baƙar fata a Shikago da asuba ba takardar izini, suka tsayar da shi da matarsa tsirara, suka birkice gidan, suka tsare shi kimanin awa 10 a ofishinsu, daga baya aka sake shi ba tuhuma. Kotun Ƙoli ta ce yana da ikon ƙararsu a kotun tarayya, ko da abin da suka yi ya saɓa wa dokar jiharsu ma. A 1978 kotun ta ƙara da cewa ana iya ƙarar hukumar gari ita kanta, da sharaɗin a nuna zaluncin ya samo tushe daga tsarinta ko al'adar aikinta.

Game da kisa, hukuncin 1985 ne madogara. Wani yaro ɗan shekara 15, Edward Garner, ɗan sanda ya harbe shi a Memfis yana ƙoƙarin tsallake shinge, ba makami a hannunsa. Mahaifinsa ya yi ƙara. Kotu ta ce gudu kaɗai bai halatta harbi ba, sai da dalili mai ƙarfi cewa mai gudun zai iya halaka wani ko ya ji masa mummunan rauni. Amma a 1989 ta ce ma'aunin ƙarfin da aka yi amfani da shi shi ne abin da ɗan sanda mai hankali zai gani a wurin, a wannan lokacin. Da wannan ma'auni jami'ai da yawa suke kuɓuta.

Babban cikas shi ne abin da za mu kira kariya mai sharaɗi. Alƙalai ne suka gina ta, ba majalisa ba, ta kuma ƙarfafa daga 1982. Ma'anarta, ba a ɗora wa jami'i diyya sai in haƙƙin da ya keta ya riga ya tabbata a fili, kuma a aikace kotuna kan nemi hukuncin baya mai kama da wannan sosai. To, wanda aka fara yi wa wani sabon salon zalunci fa, ina zai samo hukuncin baya? A ganina nan ne raunin tsarin yake. Jihar Kolorado ta hana kafa hujja da wannan kariya a ƙararrakin da ake yi ƙarƙashin dokarta tun 2020, amma a tarayya tana nan daram.

Sai a bambance tsakanin shari'a biyu. Ta laifi, mai gabatar da ƙara na gwamnati ne ke shigar da ita, ita ce mai kai mutum kurkuku. Ta Sashe na 1983 kuwa wanda aka zalunta ne ko magadansa ke shigar da ita, abin da ake nema diyya ko umarnin gyara aiki. Labarin Amadu Jallo, Allah Ya jiƙansa, ya nuna bambancin. Bafulatani ne ɗan Gini mai shekara 23. Ranar 4 ga Fabrairu 1999 'yan sanda huɗu cikin farin kaya suka harba masa harsashi 41 a ƙofar gidansa a Niyu Yok, 19 suka same shi, alhali jakar kuɗin aljihunsa ce ya ciro. A 2000 kotu ta wanke su duka. A 2004 birnin ya yi sulhu da iyayensa kan dala miliyan 3. Iyalan George Floyd kuwa sun samu biyun: sulhun dala miliyan 27 daga birnin Miniyapolis a 2021, da ɗaurin shekara 22 da rabi ga Derek Chauvin. Irin wannan kuɗi galibi daga baitulmalin gari yake fita, wato harajin jama'a, ba daga aljihun mai laifin ba.

Talaka yana samun lauya ne saboda da yawansu ba sa karɓar ko sisi sai an ci shari'a, sannan su ɗauki kaso, sau da yawa kusan sulusi. Wata doka ta 1976 kuma ta ba alƙali ikon sa wanda aka kayar ya biya ladan lauyan mai ƙara. Akwai ƙungiyoyi kamar ACLU da ke ɗaukar shari'ar da ta shafi jama'a da yawa. Ta wannan hanya a 2013 wata alƙaliyar tarayya ta yanke cewa yadda 'yan sandan Niyu Yok ke tare mutane a titi suna lalube su ya saɓa wa tsarin mulki. A wannan shekarar wasu limamai da masallatai na birnin suka yi ƙara kan leƙen asirin da aka yi ta yi wa musulmi bayan harin 11 ga Satumba 2001. An kammala sulhu a 2017, aka amince a sa wani lauya farar hula cikin kwamitin da ke duba irin waɗannan bincike.