Tankin Madara da Ya Koma Tukunyar Giya

A shekarar 1913, a birnin Sheffield na Ingila, Harry Brearley yana neman ƙarfen da zai hana bututun bindiga saurin zaizayewa, sai ya dace da gaurin ƙarfe da kromiyam wanda ba ya tsatsa. Masu dafa giya na cikin waɗanda suka ci moriyarsa. Babban maƙiyinsu shi ne ƙwayoyin bakteriya da ke laɓewa a tsagar gangar katako, su tsamar da giya tun tana tsimuwa. Shi kuwa wannan ƙarfe sumul yake, yana jure tafasasshen ruwa da sinadaran wanki.

Sai dai manyan kamfanoni ne ke iya sayensa. A Amurka ma, tun haramcin barasa na 1920 doka ta hana dafa giya a gida, har zuwa 1978 da Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta ba kowane baligi damar dafa galan 100 a shekara.

Dokar ta zo, amma ƙananan tankuna sun yi wuyar samu a kasuwa, sai masu sha'awar abin suka koma ga kayan gwanjo. Gwangwanayen Cornelius da kamfanonin lemo suka daina amfani da su suka shiga gidaje. Ken Grossman, wanda ya faro daga gida, da tsofaffin tankunan madara ya kafa kamfanin Sierra Nevada a Kalifoniya a 1980.

Har yau walda ce ke raba gwani da ɗan koyo, domin ɗinki mai kaushi a cikin tanki maɓoya ce ga bakteriya, tamkar tsagar katakon da aka gudo wa.