Cocin Long Melford: Ginin Da Masu Gari Suka Ɗauki Nauyinsa

Lokacin da wajen aikinmu suka tura ni kwas a Ingila, na ziyarci wani tsohon coci a ƙauyen Long Melford cikin gundumar Suffolk. Abin da na gani a can ya tuna mini da darussan tarihi da malamanmu suka koya mana, shi ya sa na ga ya dace in ba 'yan'uwa labari.

An sake gina yawancin wannan coci ne tsakanin 1467 da 1497, zamanin da cinikin tufafin ulu ya azurta yankin. Magina sun jera fasassun duwatsun ƙyastu cikin farin dutse, suka fitar da zane a jikin bango. Tagogin kuwa dogaye ne, kuma har yau akwai gilasai masu launi na wancan zamani, ɗauke da hotunan masu hali sun durƙusa suna addu'a.

Ciki ya kasu biyu. Sashen gabas, inda bagade yake, na limamai ne. Babban zauren yamma na jama'a ne. A da akwai shingen katako tsakaninsu, da babban gicciye a samansa, amma an kawar da su a ƙarni na 16, sa'ad da Ingila ta rabu da Paparoma. A bisa al'adar ƙasar a wancan zamani, limami ke gyaran sashen gabas, jama'a kuma su kula da nasu zauren.

Wannan rabon aiki shi ya fi jan hankalina. Ba sarki ne ya gina cocin ba. Attajirai irin su John Clopton da masu sana'ar tufafi ne suka zuba dukiyarsu, aka sassaƙa sunayensu a bangon waje, ana roƙon a yi musu addu'a. Daga baya ma ƙaramin ɗakin ibada da ke ƙarshen gabas ya zama makarantar ƙauyen, har yanzu jadawalin sau yana nan a bangonsa.

Na tsaya gaban jadawalin nan, sai na tuna da azuzuwanmu da rufinsu ke yoyo. Ginin nan ya haura shekara 500 saboda masu amfani da shi ba su jira hukuma ba. To, 'yan'uwa tsofaffin ɗalibai, ruwan da ya dake ka shi ne ruwa. Mu ma zauren namu ne, gyaransa yana wuyanmu.